Guntun Maɗaci a Ƙarƙashin Kujera

Ɗangana yakan sauko daga mota da ƙarfe biyar na yamma, amma jikinsa ba ya saukowa tare da shi. Matarsa Delu ce ta fara faɗin haka, kuma duk wanda ya taɓa ganinsa a gidansa na Warra da yamma ya san ba sharri ta yi masa ba. Ya zauna a tabarma, minti biyu ya miƙe. Ya koma kan benci, ya karkace hagu, ya karkace dama, ya tashi ya jingina da rumbu. Daga nan ya zagaya tsakar gida, ya leƙa akurkin kajin da babu abin da ya haɗa shi da su, ya dawo. In aka miƙa masa shayi, sai ka ga ruwan yana rawa a cikin kofi alhali ko iska babu.

"Malam, don Allah ka zamna wuri guda," in ji Delu, tana gyaran kifi a bakin murhu. "Kallonka kaɗai shina sa ni juwa."

"Tun sahe zamne nike. Zaman ya ishe ni."

"Ƙahwar hwa?"

Ya yi kamar da kajin take magana.

Maganar ƙafar nan, daga shi sai Delu suka san ta, ko kuma haka yake zato. Ciwon baya dai kowa ya sani, don babu direban da ba ya da shi. Amma tun bara ƙafarsa ta dama ta fara mutuwa. Takan fara da zafi daga ƙugu, ya bi cinya ya sauka, daga nan sai ta yi shiru gaba ɗaya, ya taka ƙasa bai san ya taka ba. Ran nan garwashi ya faɗo masa a kan ƙafar, bai ankara ba sai da Delu ta yi salati. Kuma ƙafar dama ita ce ta birki. Duk ranar da kamfani ya ji wannan labari, a ranar za a karɓe mabuɗi daga hannunsa. Shekara goma sha huɗu yana tuƙi. Shi ne ɗan Sarkawan da ya ajiye filafili ya kama sitiyari, 'yan'uwansa suka yi ta yi masa dariya, daga baya suka koma alfahari da shi. Tunanin ya dawo bakin ruwa hannu rabbana, yana jan ƙafa, shi ne abin da ya fi ba shi tsoro a duniya.

Wurin aikin yana cikin dajin Ngaski, wani makeken rami da ake haƙo dutse mai zinari. Motocin da ke kwasar dutsen su goma sha ɗaya ne, direbobi suna ce musu giwa. Tayarsu ta fi mutum tsawo, sai da tsani ake hawa. Daga gindin rami zuwa injin fasa dutse tafiyar kilomita uku ce, kuma ana son kowane direba ya yi sawu ashirin kafin a tashi. Hanyar kuwa, Allah ya kyauta. Inda babu rami akwai tudu, inda babu tudu ƙasar ta yi layi-layi kamar kunyoyin gero. In mota ta hau wurin da gudu, haƙoran mutum su kaɗa, hanjinsa ya kaɗa, har idanunsa su riƙa ganin abu bibbiyu.

Asali kujerun motocin ba su da laifi. Kowace tana kan sifirin, da wani ƙarfe mai mai a ciki da ke shanye tsalle. Shekara shida da suka wuce ƙarfen kujerar Ɗangana ya mutu. Kujera ta koma lilo: ta cilla shi sama kansa ya bugi rufi, ta dawo da shi ƙasa ta maka shi a kan ƙarfe. Ya kai kuka sito, aka ce kayan gyara suna hanya daga Legas. Har yau suna hanya. Da ya gaji, sai ya tuna da tsohon jirgin mahaifinsa, wanda aka farfasa bayan rasuwar tsohon, katakansa suna jibge a bayan ɗaki. Maɗaci ne, irin wanda ya shekara talatin a cikin ruwa bai ruɓe ba. Ya yanko guntu, ya sa guduma ya cusa shi a ƙarƙashin kujera. Kujera ta tsaya cak.

Ai kuwa kafin wata biyu kowa ya zo neman nasa. Har waɗanda kujerunsu lafiya lau suke suka ce su ma a buga musu, wai kujera mai lilo tana hana mutum jin ƙasa a jikinsa. Abu ya zama al'ada. Duk sabon direba, ranar da ya karɓi mabuɗi, Ɗangana ne zai hau ya buga masa katako, a dafa shayi, a yi addu'a, sannan a san ya shigo cikin maza. Haka jirgin tsohon ya ƙare guntu-guntu a ƙarƙashin kujeru, sai falle ɗaya da ya rage, shi ne bencin ƙofar ɗakin Delu. Da hannunsa ya buga wa Bilyaminu, ɗan ƙanwarsa, shekara uku baya. Kujerar Bilyaminu a lokacin sabuwa ce fil, ko ledarta ba a gama ɓarewa ba.

Ranar Litinin da hantsi Philip, mai kula da aiki, ya tara su ya ce babban ofis ya turo injiniya, za ta yi kwana uku tana awo. Bai yi dogon bayani ba, don shi ma da alama bai gane ba. Abin da ya sani shi ne akwai wani baƙin faifan roba, faɗin marfin tukunya, da za a ɗora a kan kujera direba ya zauna a kai, waya ta bi ta shiga wani ɗan akwati.

Da azahar, a gindin ƙiryar da suke cin abinci, magana ta tashi. Babu wanda ya zauna, don direbobin giwa a tsaye suke cin abinci, wasu suna takawa suna ci.

"Ku tsaya ku ji," in ji Mamuda, wanda ba a taɓa kawo wani abu wurin aikin nan bai gano makircin da ke ciki ba. "Abin da anka ce ka zamna bisa, mi shika awo? Mai zaman shika awo. Ƙashin bayanku za a duba. Wanda anka ga nashi ya lalace, a ba shi takarda ya tahi gida."

"An ce kujera za a auna," in ji Bilyaminu.

"Kujera? In kujera suka so, mi zai sa a ce sai da mutum bisa?"

Duk suka juyo suna kallon Ɗangana, don shi ne babba. Shi kuwa a lokacin ƙafar tana can tana masa zugi. Ya ajiye kwano.

"Baƙuwa za ta zo gidanmu," ya ce, "sai mu share gida. Kowa ya cire katakonshi ya ɓoye, kada a ce mun ɓata kayan kamhwani. A roƙi mai gireda ya bi hanyar ga yau da yamma ya goge ta. Gobe kuma babu mai gudu. Sannu sannu, awa mai ɗauke da ƙwai. In jiki bai girgiza ba, na'urarta ba ta ganin komi."

Kowa ya ce wannan ita ce dabara. Har Mamuda ya yaba, abin da ba ya yi.

Injiniyar ta iso ranar Talata da safe, da hular kwano a kan ɗankwali da manyan takalma. Sunanta Murjanatu, 'yar Yelwa ce, ba za ta wuce sa'ar Bilyaminu ba. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta rusuna wa Ɗangana ta ce masa Baba. Sannan ta ɗaga faifan ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce ba jikin kowa take aunawa ba. Girgizar da ke fitowa daga hanya ta bi mota ta shiga kujera, ita take nema. Ta ce girgizar nan in ta yi yawa, shekara da shekaru, tana cin ƙashin baya a hankali har ta danne jijiyar da ke sauka ƙafa. In awo ya nuna ta wuce ƙa'ida, za ta rubuta a kawo sababbin kujeru masu tafiya a kan iska, waɗanda ake daidaita wa kowa da nauyinsa, kuma a riƙa gyaran hanya.

Duk suka gyaɗa kai. Babu wanda ya yarda. Da ta ambaci jijiyar ƙafa ma, sai Mamuda ya zunguri na kusa da shi, wato kun ji ko.

Kwana biyu aka yi ana wasan kwaikwayo. Hanya ta yi sumul. Giwaye goma sha ɗaya suna rarrafe a jere, har akuya za ta iya wuce su. Kujerun da aka cire wa katako suna ɗan lilo a hankali, ba su samu abin da zai cilla su ba. Philip yana ta duba agogo yana tsaki, amma bai ce komai ba, don shi ma ba ya son baƙuwa ta ga abin kunya. Ɗangana ya zauna a kan faifan nan ya ƙame, ko numfashi mai ƙarfi ba ya so ya yi, wai kada na'ura ta jiyo abin da ke cikin ƙugunsa. Wahalar zaman nan ta fi ta gudu. Da ya sauko rigarsa sharkaf take da gumi.

Ranar Laraba da la'asar Murjanatu ta same su a gindin ƙirya, da 'yar kwamfutarta a hannu. Fuskarta ba ta nuna murna ba.

"To, iyayena da yayyena, awo ya yi kyau," ta ce. "Ya yi kyau ƙwarai. Duk motocin suna ƙasa da ƙa'ida. Na zo da niyyar in rubuta a sauya muku kujeru, amma da wanga sakamako babu mai saurarena. Za a ce kujerunku lahiya lau suke, a bar su yadda suke."

Aka yi ta hamdala. Ita kuwa ta tsaya tana bin su da kallo: wannan ya dafe ƙugu, wancan ya jingina da itace, wani yana sauya ƙafa.

"Ku yi mini haƙuri in yi tambaya guda. In hanyar ga haka take kullum, kuma haka kuke tahiya, mi ya sa babu guda cikinku da ke iya zama?"



"Sanyin ruwa na, ranki shi daɗe," in ji Mamuda. "Mu mutanen bakin ruwa na."

Ta dube shi, ta dubi Ɗangana. Ɗangana ya dubi takalminsa. Ta ce gobe da azahar za ta koma, da safe za ta rufe rahoto ta aika.

Bilyaminu ne ya goyo shi a babur zuwa Warra, kamar kullum. Suka biyo ta gonakin albasa, tafkin Kainji yana ta walƙiya a hannun dama, jirage suna dawowa daga su. Ɗangana ya kamata ya ji daɗi, dabararsa ta ci. Amma ya rasa gane kansa. Sai mutsu-mutsu yake a bayan babur har Bilyaminu ya ce zai kayar da su.

A ƙofar gidan Bilyaminu suka tsaya ya ajiye saƙo. 'Yarsa Dudu, mai shekara biyu, ta fito da gudu ta ɗaga hannuwa. Bilyaminu ya sunkuya zai ɗauke ta, sai ya tsaya a rabin hanya. Bai ƙarasa ƙasa ba, bai miƙe ba. Ya cije leɓe, ya dafa bango, ya durƙusa a hankali, ya rungume yarinyar a nan ƙasa yana mata wasa, wai dama abin da ya yi niyya ke nan. Shekararsa ashirin da takwas.

Da yarinyar ta koma ciki, ya miƙe da ƙyar, ya matso kusa, ya rage murya.

"Kawu, ina son in roƙe ka wani abu."

"Ina jinka."

"Ka koya mini yadda kake taka birki da ƙahwar hagu."

Ɗangana ya ji kamar an watsa masa ruwan randa.

"Wa ya ce maka ina taka birki da hagu?"

"Haba Kawu. Ina bayanka kullum a gangaren rami. Na san lokacin da kake sauyawa, motar takan ɗan yi tangaɗi. Ban hwaɗa ma kowa ba, kuma ba ni hwaɗi." Ya shafa cinyarsa ta dama. "Tawa ma ta hwara. Tun bayan salla. Ba ta daɗewa, amma in ta ɗauke ba ni jin komi. Kai ka koya mini tuƙi, kai ka buga mini katako. Wanga ma kai za ka koya mini."

Ya faɗi maganar da ladabi da yarda, yadda yake roƙon komai a wurin kawunsa tun yana yaro. Wannan yardar ce ta fi yi wa Ɗangana ciwo. Ya ce zai ƙarasa gida da ƙafa, ya juya ya tafi yana ɗingishi.

Ya tarar da Delu tana shirin hura wuta, da guntun katakonsa a hannunta. A bayan randa ya ɓoye shi tun ranar Litinin.

"Wanga na wuta na, ko shina da amfani?" ta ce. "Wa ya sassaƙe shi haka?"

"Babu wanda ya sassaƙe shi. Kawo."

Ya karɓa. Shekara shida rabon da ya riƙe shi a cikin haske, don ran Litinin a gurguje ya zare shi ya jefa a buhu. Inda ƙarfen kujera ke zama a kai ya lotsa, ya yi kwarmi mai santsi, har yana sheƙi. Ya sa yatsa a ciki, yatsan ya nutse. Sai ya taka zuwa bencin ƙofar ɗaki, wanda falle ɗaya ne da shi, daga jirgi ɗaya. Ya kara guntun a gefen bencin. Ranar da ya yanko shi kaurinsu ɗaya. Yanzu a wurin kwarmin babu rabi.

Ya daɗe a tsaye. Ya san itacen nan. Yana yaro ya ga an ja shi a kan duwatsu, ya ga dorina ta taɓa bugunsa, ya ga an loda masa buhunan shinkafa har ruwa ya kusa bakinsa, bai taɓa ko tsagewa ba.

"Delu," ya ce, "maɗaci na hwa."

"Na sani."

"In maɗaci ya cinye haka, ni da ke bisa hwa?"

Ta ajiye ashana, ta goge hannu a zani, ta dube shi irin duban da ta daɗe ba ta yi masa ba.

"In ka hwaɗa musu, za su amshe mabuɗin," ta ce.

"Za su amshe."

"Tau. Mun ci kihi kahin mota, muna ci bayanta."

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi fitowa. Ya shiga zagayen tsakar gida da katako a hannu har aka kira magariba.

Da safe ya sami Murjanatu a ɗan ofishin kwano da aka ba ta, tana naɗe wayoyi. Ya yi sallama, ya ajiye guntun maɗacin a kan teburinta. Ya gaya mata komai a tsaye: katako, da gireda, da rarrafen kwana biyu, da wanda ya kawo shawarar. Bai ɓoye sunansa ba. Ta juya katakon a hannu, ta sa babban yatsa a cikin kwarmin.

"Baba, kun san abin da wanga ke yi? In an cusa shi, kujera ta tashi daga aiki. Duk dukan da hanya ta yi ma mota, kai tsaye bayanku shika zuwa."

"Yanzu na sani, ɗiyata. Amma ki sani ba don wauta munka hwara ba. Kujera ta mutu, munka nemi gyara, ba a kawo ba."

"Shi ma zan rubuta." Ta ajiye katakon. "Sai dai baki kaɗai ba ya isa. Can sama lamba suka sani. Sai an sake awo yadda kuke aiki na gaskiya."

"Ɗauko faifanki."

Ya maida katakon da gudumar da ya saba. Direbobi suka taru suna kallo, Mamuda yana ta faɗin an gama da su. Hanyar da aka goge ran Litinin ta riga ta fara komawa halinta, amma Ɗangana bai tsaya nan ba, ya ce a bi tsohuwar hanyar gabas da suke bi in ana sauri, wadda gireda ba ta taɓa ba. Murjanatu ta zauna a 'yar kujerar gefe, ta ɗaura bel, ta riƙe akwatinta a cinya. Ya zauna a kan faifan, wannan karon ya saki jikinsa. Ya yi bisimilla ya taka.

Tun a sawun farko hularta ta bugi gilashi. A na biyu ta daina magana, don ta ciji harshe. A na huɗu ta dubi akwatin, ta dube shi, ta ɗaga murya a kan ƙarar inji.

"Haka kuke yi kullum?"

"Sawu ashirin!"

"Innalillahi."

Ya san lokacin da abin zai zo, don ya saba. A sawu na shida, suna saukowa gangaren rami, zafin ya taso daga ƙugu, ya bi cinya, sannan ƙafar ta yi shiru. Kwanar hanya tana gabansu, a ƙasa kuma ga motar loda dutse da mutane biyu a tsaye. Da yana so, da ya yi abin a ɓoye yadda ya saba, da ɗan karkace jiki kamar mai gyara zama. Bai ɓoye ba. Ya sa hannu ya kama wandonsa a gwiwa, ya ɗaga ƙafar dama ya ajiye ta gefe, ya kawo ta hagu ya danna birki. Motar ta yi ɗan tangaɗi, ta shiga kwana lafiya, ta tsaya a gindin rami.

Ya kashe inji. Ƙura tana ta wucewa ta gaban gilashi. Murjanatu tana kallon ƙafar da ke ajiye a gefe.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun bara."

"Ka san ba ni iya yin shiru da wanga. Akwai rayukan mutane a ƙasa."

"Don ki gani na yi. Rubuta." Ya juyo ya dube ta. "Ki rubuta kuma akwai yaro mai shekara ashirin da takwas da tashi ta hwara. Shi a kai shi asibiti tun da sauran gyara. Kujeratai sabuwa ta, ni na kashe ta da hannuna."

Saukowa ce ta gagara. Ya zo bakin tsani, ƙafar ta ƙi karɓar umarni. Bilyaminu ya hau ya tallafe shi ta baya, suka sauko mataki-mataki, kowannensu yana cije baki saboda nasa ciwon. A ƙasa Ɗangana ya zare mabuɗi daga aljihu ya miƙa wa Philip tun kafin a tambaye shi. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun ranar da aka binne mahaifinsa.

Mamuda ya yi sati uku ba ya gaishe shi. Likita ya duba direbobin duka, ba a kori kowa ba, amma Ɗangana an hana shi tuƙi har abada, Bilyaminu kuma aka ba shi hutun wata biyu da magani. Kamfani bai yi abin a zo a gani ba: bayan damina kujeru huɗu suka iso, sauran bakwai an ce suna hanya. An dai gyara tsofaffin, gireda kuma tana bin hanya duk Litinin da Alhamis. Ɗangana da kansa ya bi motocin da guduma ya zare katakan da direbobi suka mayar, ya ɗaure su a buhu ya kai gida. Delu ta ce ta sa a wuta, ya ce a'a, ya jera su a ƙarƙashin benci.

Aikin da aka ba shi shi ne riƙe tuta a mararrabar hanya, ja da kore. Aikin tsayuwa ne, Delu ta ce an dai san halinsa. An ajiye masa kujerar roba a inuwa, bai taɓa zama a kai ba.

Ranar da Bilyaminu ya dawo aiki, motarsa tana cikin huɗun da aka sa wa sabuwar kujera. Ɗangana ya hango ta tun daga nesa, ta taso daga rami da lodi. Gab da mararraba akwai wani kwari da ruwa ya ci, wanda ya fi ƙarfin gireda. Ya san kwarin nan a ƙashin bayansa. Ya ɗaga koriyar tuta, ya ƙura wa gilashin ido, jikinsa ya ƙame da kansa yana jiran dukan.

Giwa ta faɗa kwarin, ta yi tsalle, duwatsu suka yi ƙara a bayanta. A cikin gilashi kan Bilyaminu ya ɗan yi ƙasa a hankali, ya dawo daidai, kamar mutum a cikin jirgi in igiyar ruwa ta wuce. Ya ɗago hannu ya gaida kawunsa, ya wuce.

Ɗangana ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa, kuma ya ji kishi, ba zai yi ƙarya ba. Ya bi motar da kallo har ƙura ta rufe ta. Sannan ya sunkuya ya kama wandonsa a gwiwa, ya gyara wa ƙafar dama wurin tsayuwa, ya juya ya fuskanci mota ta gaba.